Aron Buret Goma Sha Huɗu

Malam Dogo: Salamu alaikum. Wa ke magana?

Lidiya: Ina wuni, Malam?

Malam Dogo: Lahiya lau. Wa ke magana?

Lidiya: Ina gajiya? Ya zafin nan?

Malam Dogo: Zahi lokacinai ne. Na ce wa ke magana? Lambar ba ta zo da suna ba.

Lidiya: Au. Ka goge ni ke nan. Lidiya ce.

Malam Dogo: Ladi? Wace Ladi?

Lidiya: Lidiya! Lidiya Markus, ɗalibarka. Mai koyar da kimistiri a Bungudu.

Malam Dogo: Ayyo. Malamar zamani.

Lidiya: Ya gida, Malam? Ya Inna?

Malam Dogo: Lahiya lau take.

Lidiya: Ya makaranta? Ya mutanen Tsafe?

Malam Dogo: Tsahe tana inda kinka bar ta. Ya tsohonki? Ƙahwar ta yi sauƙi?

Lidiya: Da sauƙi sosai, har coci yana takawa yanzu. Kullum sai ya tambaye ka.

Malam Dogo: Ki gaishe shi. Shi mutumin kirki ne.

Lidiya: Shi.

Malam Dogo: Shi nic ce.

Lidiya: To. Ya aiki? Ya ɗalibai?

Malam Dogo: Lidiya, kin gaishe ni, kin gaida matata, kin gaida gari. Awakina kaɗai sunka rage. Wata goma sha ɗaya ban ji muryarki ba. Mi anka yi?

Lidiya: Malam, ka san jarrabawar fita ta matso.

Malam Dogo: Na sani. Ina da kalanda, ta takarda, ga bango.

Lidiya: Saura kwana goma sha shida a yi gwajin kimistiri na hannu. Shi ne na ce bari in... Alo? Malam, kana ji na?

Malam Dogo: Ina jin ki kamar daga cikin rijiya.

Lidiya: Tsaya in matsa wajen tankin ruwa, can ne ake samun sabis. Yanzu fa?

Malam Dogo: Hwaɗi.

Lidiya: Aron buret nake so.

Malam Dogo: Aron mi?

Lidiya: Buret, Malam.

Malam Dogo: Ya sake yankewa. Ƙara hwaɗi.

Lidiya: Bai yanke ba, ka ji ni sarai! Buret. Guda goma sha huɗu.

Malam Dogo: Buret? Wanga dogon gilashi mai famfo da ake ɗiga asid da shi? Ikon Allah. Ai na ɗauka an daina yayinai. Ba ke kinka tsaya gaban malamai ɗari biyu a Gusau, kinka ce gilashi ya zama kayan tarihi ba?

Lidiya: Ban ce kayan tarihi ba. Cewa na yi kwamfutar hannu tana iya nuna wa yaro gwajin sau hamsin ba tare da an zubar da komai ba. Kuma gaskiya ne.

Malam Dogo: To ki nuna masu sau hamsin da ɗaya. Mi ya kawo ki gare ni?

Lidiya: Malam, don Allah a bar maganar taron nan.

Malam Dogo: A bar ta? Ke kinka tada ta, ni zan aje ta? Ina zaune layi na uku, da hulata da birona, na zo bita kamar kowa. Sai ga sitona a majigi, ya cika bango. Kwalin kwamfuta talatin, a jere.

Lidiya: Ban ambaci sunanka ba.

Malam Dogo: Ba ki ambata ba! Rubutun wa ke jikin kwalin? "Kada a taɓa. I. Dogo." Da jan alli. Na bayan ɗaki ma sun karanta. Kin san mi ake kira na yanzu? Malam Kada-a-taɓa. Har direban da ke kai ni Gusau ya sani.

Lidiya: Ban lura da rubutun ba sai da hoton ya hau bango, wallahi.

Malam Dogo: Ba ki lura ba. Mai koyar da kimiyya ba ta lura ba.

Lidiya: To amma ƙarya na yi? Kwamfutar hannu talatin aka ba makarantarku, rana ɗaya da tamu. Shekara biyu suna cikin leda. Yaranka suna zuwa jarrabawar shiga jami'a, a zaunar da su gaban kwamfuta, wasu ba su san inda ake dannawa a wuce tambaya ta gaba ba. Ƙarya ne?

Malam Dogo: Ni nis sa hannu da anka kawo su. In ɗaya ta hwashe, wa za a nema?

Lidiya: Shi ke nan sai a ajiye su su mutu da sabuntarsu, don mai duba makarantu ya zo ya ƙirga ya ce sun cika?

Malam Dogo: Kin kira ki roƙe ni ko kin kira ki ƙarasa laccar?

Lidiya: Na kira in roƙe ka.

Malam Dogo: To ba haka ake roƙo ba. Ina naku gilasan? Makarantarku tana da lab, ɗakin gwaji, na san shi, ni nit taya su jera shi.

Lidiya: An mai da shi ɗakin kwamfuta.

Malam Dogo: Wa ya mai da shi?

Lidiya: Shugaban makaranta.

Malam Dogo: Da shawarar wa?

Lidiya: Da tawa.

Malam Dogo: Madalla. Gilasan fa?

Lidiya: Mun kwashe su zuwa sito. Gara ta ci katakon da aka jera su a kai, ya rufto da damina. Ban buɗe wurin ba sai makon jiya. Biyu na samu da rai.

Malam Dogo: Inna lillahi. Biyu. Cikin ashirin da huɗu.

Lidiya: Ka san yawansu ma.

Malam Dogo: Ni nic cire su daga kwali da hannuna, kina aji biyu lokacin. Ni nawa ashirin da shida ne, wasu sun girme ki. Kowane na naɗe shi cikin tsohon zanen Inna, ni ke wanke su, ba ni ba kowa. Shekara ashirin da takwas, huɗu kaɗai sunka hwashe. Ɗaya ke kinka hwasa shi.

Lidiya: Na tuna.

Malam Dogo: Kin tuna na kai ki gaban taron ɗalibai?

Lidiya: Ba ka kai ni ba.

Malam Dogo: Ko tsohonki bai ji ba. To ci gaba. Kin samu biyu, sai mi?

Lidiya: Sai na ce bari in gwada su ran Litinin, tunda a jarrabawa gilashin gaske za a ba su. Yara arba'in da biyu. Malam, a kwamfuta babu wanda bai iya ba. Lissafin kuwa, ka tashe su daga barci za su yi maka.

Malam Dogo: Amma?

Lidiya: Ka san yadda abin yake. Ruwan cikin kwalba yana ruwan ɗorawa, kana ɗiga asid, da ya juya ruwan goro sai ka rufe famfo.

Malam Dogo: Yau kuma ni ake koya wa.

Lidiya: Tsaya mana! A kwamfutar, in an kai wurin, wata 'yar ƙararrawa ce take kaɗawa, ƙin! Famfon ya rufe da kansa.

Malam Dogo: Kai! Kada ki ce min...

Lidiya: Suka buɗe famfo suka tsaya. Ruwa ya juya ruwan goro, suna kallo. Ya koma ja wur, suna kallo. Buret ya ƙare tas.

Malam Dogo: Suna jiran ƙararrawa!

Lidiya: Suna jiran ƙararrawa.

Malam Dogo: Hahaha! Wayyo cikina! Inna, zo ki ji! Suna jiran gilashi shi yi masu ƙin!

Lidiya: Malam, ba abin dariya ba ne.

Malam Dogo: Malamai ɗari biyu sun yi tasu a Gusau, ki bar ni in yi tawa ni kaɗai. Duka arba'in da biyun?

Lidiya: Bakwai na farko. Daga nan na tsayar, na yi bayani. Amma wani ya buɗe famfo ya zube gaba ɗaya, wata ta karanta lamba daga ƙasa. Da buret biyu, kafin kowa ya taɓa sau uku an shiga jarrabawa. Ranar jarrabawar ma ban san da me za su yi ba. In na samu goma sha huɗu, sai in raba su kashi uku.

Malam Dogo: Ki tambayi waɗanda sunka tafa maki.

Lidiya: Na tambaya. Malam Zaharaddeen na Gusau nasa bai ishe shi ba. Sauran ko amsa ba su ba ni a guruf ɗinmu na waya ba.

Malam Dogo: Ai ni ba ni cikin guruf. Wayata mai maɓalli ce.

Lidiya: Naku gwajin da namu ba za su haɗu ba in an tsara, kana da ashirin da shida, yaranka talatin ne kacal. Sha biyu sun ishe ka.

Malam Dogo: Har kin raba min gadona ina raye.

Lidiya: Zan zo da kaina in ɗauka, in riƙe su a cinya har Bungudu.

Malam Dogo: A wagga hanya? Gilashina bai shiga mota. Kuma wadda gara ta cinye wa ashirin da biyu tana danna allo, ba ita zan ba goma sha huɗu ba. Ba ni badawa.

Lidiya: Malam, yaran ba su yi maka komai ba.

Malam Dogo: Ni ma ban yi masu komai ba. Ke kinka yi masu.

Lidiya: Haka ka ce?

Malam Dogo: Haka nic ce. Sai an jima.

Lidiya: Kada ka kashe! Ba ka tambaye ni wace ce ta fara ba.

Malam Dogo: Ta fara mi?

Lidiya: Wadda ta fara tsayawa gaban buret ran Litinin. Na ce wa zai fito, ajin gaba ɗaya suka nuna ta, suka ce ai ita a gida ta gada.

Malam Dogo: Lidiya.

Lidiya: Salma ce. Salma Isah Dogo.

Malam Dogo: Ki fidda ɗiyata daga wagga magana.

Lidiya: Ni na sa ta? Kai ka kawo ta ajina! Shekara biyu tana zaune wurin ƙanwarka Luba a Bungudu.

Malam Dogo: Gwaggonta ba ta da lahiya, ta tahi taya ta zama. Kowa ya sani.

Lidiya: Gwaggo Luba da nake gani kowace ranar kasuwa da buhun gero a ka? Malam, Salma ta gaya min. Ka ce mata ta je inda ake taɓa kwamfuta, don kada ta zauna jarrabawar jami'a tana kallon allo kamar baƙuwa.

Malam Dogo: Yarinya ce, ba ta san abin da take hwaɗi ba.

Lidiya: Ta sani. Kuma ta iya, duk ajin babu mai saurinta. Amma ran Litinin ta tsaya har asid ya ƙare, ta juyo ta ce min, "Malama, bai yi ƙara ba." Da ta gane, ta fita bayan aji tana kuka. Ta ce don Allah kada Baba ya ji.

Malam Dogo: Da wane hannu tar riƙe famfon?

Lidiya: Me?

Malam Dogo: Famfon! Hagu ko dama?

Lidiya: Dama.

Malam Dogo: Dama. Kwalbar fa, wa ke juya ta?

Lidiya: Ba ta juya ba.

Malam Dogo: Ta sa farar takarda ƙarƙashi?

Lidiya: A'a.

Malam Dogo: Subhanallahi. Shekara ashirin da takwas ina cewa hagu ga famfo, dama ga kwalba, ido ga launi. Akwai likitoci a Gusau da in sun gan ni da shi suke gaishe ni. Ɗiyar cikina ta riƙe da dama. Kin cuce ni, Lidiya.

Lidiya: Na yi kuskure, na yarda. Shi ya sa na kira.

Malam Dogo: To ga abin da za a yi. Ran Juma'a ki ce wa Salma ta shigo mota ta taho gida. Kwana biyu sun ishe ni. Ran Lahadi za ta komo maki tana yi ido rufe.

Lidiya: Sauran arba'in da ɗaya fa?

Malam Dogo: Naki ne.

Lidiya: Kai, Malam! Kai!

Malam Dogo: Kada ki ɗaga min murya.

Lidiya: Sai na ɗaga! Akwai 'yan Karakkai a ajin nan da suke tahowa a ƙafa kullum. Akwai Halimatu Sadiya, babanta ya ce in ta faɗi bana ta gama boko ke nan. Su ba su da uba mai buret. Abin da ka yi wancan karon shi za ka sake? Ka zare taka ɗaya ka kai inda akwai, ka rufe kwali a kan 'ya'yan mutane?

Malam Dogo: Ke! Ni kike gaya wa haka?

Lidiya: Kai nake gaya wa. 'Ya'yan manoman 'Yankuzo talatin suna gabanka, kwamfuta talatin tana bayanka, mabuɗi yana aljihunka. Ka san tana da amfani, da ba ka tura Salma ba. To me ya hana ka? Ba sa hannu ba ne, kada ka sake ce min sa hannu!

Malam Dogo: Na buɗe ɗaya.

Lidiya: Na'am?

Malam Dogo: Makon da anka kawo su. Na shiga da ita aji biyar, na ce yau za mu ga zamani. Na danna nan, na danna can, ba ta kawo haske ba. Da ta kawo, ta tambaye ni wani abu, na taɓa, ta koma baƙa. Minti ashirin ina tsaye ina gumi. Sai nij ji dariya daga baya, ta bi layi har gaba. Ni da ko tari ba a yi a ajina. Na mai da ita leda, na ɗauko jan alli.

Lidiya: Haba Malam. Wannan ai abin yini ɗaya ne. Da ka kira ni.

Malam Dogo: Na kira ki.

Lidiya: Yaushe?

Malam Dogo: Wa ya ce ki zo Tsahe bara? Haka kawai kinka ga kanki a makarantarmu ran Asabar, ba yaro ba malami?

Lidiya: Kai ka ce in zo mu gaisa.

Malam Dogo: Mu gaisa! Shekara nawa muna gaisawa ta waya? Na sa Inna ta dama maki fura. Na zaɓi ranar da ba kowa. Na ce cikin duk waɗanda nik koyar, wagga ce ba za ta yi min dariya ba. Sitona da ko shugaban makaranta bai shiga, na ciro mabuɗi na sa maki a hannu, na ce ki je ki duba kwalayen nan, ina zuwa.

Lidiya: Na ɗauka... Malam, na ɗauka nuna min kake yi, wai ka ga naka suna nan sababbi.

Malam Dogo: Na tsaya bakin rijiya ina wanke hannun da ba shi da datti, ina neman yadda zan ce wa ɗalibata ta koya min. Kafin in iso kin fito, kina mai da waya jaka, kin ce za ki makara mota.

Lidiya: Wayyo Allah.

Malam Dogo: Bayan sati uku nig ga abin da kinka shiga yi. A bango.

Lidiya: Ban sani ba. Wallahi, Malam, ban sani ba. Kunya ta kama ni, ban san ma abin da zan...

Malam Dogo: Benci nawa gara ta bari?

Lidiya: Malam, bari in...

Malam Dogo: Benci nawa?

Lidiya: Bakwai.

Malam Dogo: Ki fidda su, ki wanke, buret biyu kowane benci. Ki nemo farar takarda da ruwa mai kyau jarka biyu. Ni zan kawo su, a cinyata. Ni zan kafa, ni zan wanke, ni zan naɗe. Ba a hannunki zan sa su ba.

Lidiya: Na yarda. Na gode, Allah ya saka...

Malam Dogo: Kada ki gode min, ba don ke ba ne. Duka arba'in da biyun su zo, har 'yan Karakkai, har Halimatu mai uban nan. Kuma kada in ga allo ko ɗaya a kunne.

Lidiya: Ba za ka gani ba. Salma fa, in gaya mata?

Malam Dogo: Ki ce mata Baba bai ji komai ba.

Lidiya: To. Malam, abu ɗaya. Ka taho da kwali ɗaya. In yara sun tashi sai mu rufe ƙofa, ni da kai kawai, babu wanda zai...

Malam Dogo: Na ba ki mabuɗi sau ɗaya, Lidiya. Asabar, ƙarhe takwas.

Lidiya: Malam, don Allah ka saurare ni. Malam? Alo? Malam!